Baitin da Na Goge a Kaset ɗin Baba

Asabar: Zariya zuwa Akure

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba bas ɗinmu ta bar Zariya. Ina gefen taga, Goggo Ladi ƙanwar Baba tana kusa da ni da ƙullin dambun nama a cinya. Ita ta saba zuwa Legas sarin atamfa. Ni kuwa ban taɓa wuce Kaduna ba, sai dai a cikin littattafan soyayya, inda na sha zuwa Dubai.

Ga abin da ya fito da ni. Baba tsohon direban tirelar shanu ne, yana da kaset ɗaya tak na wani mawaƙi, Garba Mai Jita, Bahaushen Agege ta Legas mai kiɗan kantiri, wato irin na makiyayan Amurka. Ina 'yar shekara goma na danna jan maɓallin rediyo, na naɗi muryata ina karanta wasiƙar soyayya daga wani littafi, daidai kan baitin ƙarshe na waƙar "Tirela Ta Tashi". Baba bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Ya cire kaset ɗin ya sa a akwati. Yanzu ciwon suga ya tafi da idonsa, ya kwantar da shi. Makon jiya ya ce, "Sadiya, da zan ƙara jin ƙarshen waƙar nan." Na samo waƙar har kala uku wajen masu tura waƙoƙi a waya, kowacce ya saurara har ƙarshe sai ya ce, "Ba shi ba ne."

Mun wuce Kaduna bakwai saura kwata, Zuba goma da rabi. A wani shinge kafin Lokoja soja ya leƙo ya tambayi inda za mu.

"Wajen mawaƙi," in ji ni.

"Wajen sarin atamfa, ranka ya daɗe," in ji Goggo, ta mintsine ni a cinya.

A Lokoja muka yi sallah, muka ci shinkafa da soyayyen kifi. Na tsaya ina kallon kogi ina zana Garba a zuciyata: dogo, siriri, malafa ta rufe rabin fuskarsa, idanunsa ɗauke da wani tsohon ciwon so. Na gaya wa Goggo tabbas wata ce ta yaudare shi, shi ya sa muryarsa take rawa.

"Ko kuma mura ce," ta ce. "Ki ci kifinki, ƙuda na taya ki."

Daga Okene hanya ta shiga duwatsu da daji mai duhun kore. Bakwai da kwata muka isa Akure, muka sauka gidan wata ƙawar Goggo a Sabo. Ta ba mu tuwo miyar kuka, na kwanta ina jin kamar har yanzu motar tana tafiya da ni.

Lahadi: Akure zuwa Agege

Shida na safe muka tashi, goma saura muna Ibadan. Daga nan zuwa Legas wajen kilomita ɗari da talatin ne, amma cunkoso ya sa sai ɗaya da rabi muka shiga gari. Muka hau danfo, 'yar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, zuwa Ogba. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihu da Yarabanci, ni dariya kawai nake yi ba dalili. Daga Ogba muka ɗauki keke napep zuwa Agege. Ina sauka na ji wani yana cewa, "Oga, ka ja motarka gaba mana, abeg!" da Hausa garau. Na riƙo hannun Goggo na ce mun zo.

Mai shayin da muka fara tambaya ya yanko mana burodin Agege mai laushi kamar auduga, sannan ya ce, "Baba Kaboyi? Ku je bayan mayanka, layin masu fata. Ku bi wari, ba za ku ɓata ba."

Muka bi wari. A rumfa ta huɗu muka tarar da wani gajeren dattijo mai tumbi, sanye da singileti da takalmin roba, yana zuba gishiri a kan fatar saniya, waya maƙale a kafaɗarsa yana zazzaga Yarabanci. Na ce masa don Allah Garba Mai Jita muke nema.

"Kin same shi."

Na leƙa bayansa ko akwai wani. Goggo ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gishiri.

"'Yar nan malafa take nema, Malam," ta ce.

"Malafa tana gida, Hajiya. Jikokina na ɗebo gawayi da ita."

Ya wanke hannu ya kai mu gidansa, tafiyar minti goma a gefen layin dogo. Matarsa Iya Basira, Bayarabiya mai Hausa kamar 'yar Kano, ta kawo amala, tuwon Yarabawa, da miya mai barkonon da ya sa ni hawaye. Na ce a raina, to, ko ba komai na yi kuka a gidan mawaƙi.

Muna ci yana ba mu tarihinsa. Daga wani ƙauye kusa da Gumel ya taho yana ɗan shekara sha bakwai, a saman tirelar shanu, aikinsa ya riƙa tayar da duk saniyar da ta kwanta kada a tattake ta. Direban yana da kaset na Turawan nan masu jita. "Ban ji ko kalma ɗaya ba," ya ce, "amma na gane mutumin shanu ne, ya yi nisa da gida, kuma akwai wadda ya baro. Na ce ai wannan ɗan garinmu ne." Ya sayi tsohuwar jita a Mile 2, igiyarta huɗu maimakon shida. Ya fara kaɗa wa masu gadi da masu shayi a Obalende, suna ce masa mahaukaci, suna kuma cewa ya ƙara. Daga baya wani mai shago a Ogba ya riƙa naɗar masa kaset. Da zamanin kaset ya wuce sai ya koma sana'ar fata.

Na tambaye shi wace ce ta karya masa zuciya.

"Ga ta nan tana zuba miki miya. Shekara arba'in tana karyawa."

"Ƙarya yake," in ji Iya Basira. "Tumbinsa kaɗai na karya, shi ma ya ƙi."

Sai na gaya masa abin da ya kawo ni. Murmushinsa ya ragu.

"'Yata, baitin ƙarshe ba ɗaya ba ne. Direbobi ne masu sayen kaset ɗina. Duk wanda ya zo sai in ja shi gefe in yi masa tambaya uku: sunanta, inda ka fara ganinta, da abin da ke hannunta a ranar. Sai in rera masa nasa shi kaɗai. Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ashe baitin Umma na goge. Umma ta rasu ina shekara takwas, kuma ban taɓa jin Baba ya kama sunanta ba, "uwarku" kawai yake cewa. Sunan na sani, Saratu. Sauran biyun ban sani ba, kuma Baba ba zai taɓa faɗa wa 'yarsa ba ko da a waya ne.

Goggo ta lashe yatsunta a hankali. "A Funtuwa ne. Ina gaban motar ranar, ya rage mini hanya. Ya faka tirela cike da shanu a ƙofar gidan su Saratu, wari ya cika musu tsakar gida. Ta fito daga kan tuwo da muciya a hannu, ta ce in bai ɗauke akwalarsa ba za ta fasa masa gilashi."

"Muciya?" na ce. A littattafaina fure ake riƙewa.

Malam Garba ya buga cinyarsa. "Mai muciya! Dogo, baƙi, mai tabo a gira? Wallahi na tuna shi! Kowa sai ya ce mini tulu ko faifai, shi kaɗai ya ce muciya. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar an kama shi da sata. Basira, miƙo jitar."

Na gaya masa sunanta. Ya ɗaure igiyoyi, ya yi gyaran murya, na kunna naɗin waya. Muryar nan ta kaset ta fito daga cikin tumbin, tana rawa yadda na san ta:

Saratu ta Funtuwa, ajiye muciya,
Na ɗauke motata, ban ɗauke zuciya ba.
Shanu sun isa Ikko, direba bai iso ba,
Yana ƙofar gidanku har yau yana jira.

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na ma manta da malafa.

Litinin da Talata: Komawa

Goggo ta fasa sarin atamfa. Biyar da rabi na asubar Litinin muka bar Agege da ledar burodi da Iya Basira ta cusa mana. Muka sake kwana a Akure. A hanya na kwafi waƙar a wayar Goggo, na tura wa ƙawayena biyu, na kuma tura wa kaina. Ranar Talata shida da minti goma na yamma muka shiga Zariya.

Baba yana kwance a tabarma a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye wayar kusa da kunnensa na kunna. Bai motsa ba har aka zo ƙarshe.

"Saratu," ya ce a hankali. "Sai da ta fasa madubin gefe fa. Wannan ban gaya masa ba."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Sake kunnawa. Kuma, Sadiya, in akwai jan maɓalli a jikin abin nan, kada ki taɓa shi."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Goggo Ladi, da Iya Basira mai barkono, da Malam Garba na layin masu fata. Ina rubuta wannan Baba yana cewa a sake kunnawa, karo na tara ke nan tun da muka dawo.