Turmin Kwallin Mahaifiyata

Da ɗis-ɗis ɗin famfon kicin abin ya fara. Mai gyara ya zo ya canja kan, ya bar min tsohon, ya ce kada in yar, 'yan gwangwan na saye. Daga ranar na rataye buhu a bayan ƙofa, duk ƙarfen da ya mutu a gidanmu na Gwarinpa ciki yake zuwa: murfin tukunya, kwaɗon da makullinsa ya ɓata, cokula.

Har da ɗan turmin da marigayiya mahaifiyata take daka kwalli. Ya yi duhu, gindinsa ya yi kore. Sau uku ina dirzarsa da toka da lemon tsami, ina jira ya yi ruwan ɗorawa kamar farantan aurena, ya ƙi. Na ɗauka lalacewa ya yi. Na jefa shi a buhu, amma raina bai kwanta ba.

Wata Asabar da hantsi baban bola ya tsaya da kurarsa, wani dattijo daga Mararaba. Na zazzage buhun a ƙofar gida, autata mai shekara shida tana tsugune tana kallo. Ya bi kayan da mayen ƙarfe, wanda ya manne ya ware gefe. Kan famfon bai manne ba. Ya kankare shi da ƙusa, sai ga rawaya.

"Wannan baras ne, tagulla mai rawaya, Hajiya."

Da ya zo kan turmin ya kankari gindinsa, sai ja-ja ya fito. Ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta daɗe tana tafiya.

"Na waye?"

"Na mahaifiyata. Ya ƙi gogewa ne, Baba."

Ya yi dariya. "To ai ba zai gogu ba! Tagulla iri biyu ce. Waccan mai rawaya, wannan kuwa haka Allah Ya yi ta, ko shekara za ki yi kina dirza. Lafiyarsa ƙalau. In na tafi da shi, narkewa zai yi fa."

Na miƙa hannu. Ya ba ni, na yi masa addu'a, na yi wa mahaifiyata.

A tsakar gida na jawo tsumma zan share shi. Autata, wadda ba ta taɓa ganin kakarta ba, ta riƙe min hannu.

"Umma, a hankali. Kar ki goge hannun Kaka."