Malama Amatullahi da Albasa Dubu da Tara

Kullum da sassafe kabu-kabu ke sauke Malama Amatullahi a ƙofar makarantar sakandare a Aliero, daga Jega take tasowa, gefen mayafinta fari fat da alli. Lissafi take koyarwa. Makon nan za ta aje aiki, kuma ni Labbo, da na ga yunwa na ga ambaliya duk na binne su, na ce sai an rubuta sunanta. Ban yi boko ba, amma bakina ya fi alƙalamin wasu.

Wata shekara ta fito da yara fili ta zube musu albasa a ƙasa. Iyaye suka fusata. Sabo, shugabansu, ya tara mutane a je a kore ta. Da muka isa, shi ya fara magana.

"Malama, mi na wanga? Albasa muna da ita gida. Boko muka kawo su!"

Ba ta ko gyara tsayuwa ba. Ta ce, "Baba Sabo, ga albasa dubu da tara. A jera ta layi-layi daidai, kada ko ɗaya ta rage. Ban da layi guda, ban da ɗaiɗai. In an iya, yau zan bar makarantar nan."

Wa za a kira in ba ni ba? Duk Aliero babu hannun da ya kai nawa jera albasa. Na naɗe hannun riga. Bibbiyu, ɗaya ta rage. Uku-uku, ɗaya. Bakwai-bakwai, ɗayar nan dai tana kallona. Na ce wa Malama albasar nan aljani gare ta. Yara suka bushe da dariya, gumi na zuba mini. Da na kai talatin da ɗaiɗai ta ce, "Baba, huta. Daga nan layukan da ka riga ka gwada ne za su juyo maka a kwance. Wannan lamba ba ta rabuwa, kuma irinta ba su da iyaka. Duk girman wadda ka samo, akwai wadda ta fi ta."

Na miƙe na dubi Sabo na ce, "Abin da ya kada Labbo, dole ɗiyanmu su san shi. Mai taɓa ta ya fara da ni."

Ba ta tafi ba. Yaran da suka yi mini dariya ran nan, wasu suna jami'a, wasu su ke riƙe da alli yanzu.

Ke ce kika tsaya gaban taron maza ba ki ɗaga murya ba, ba ki kuma ja da baya ba. Ba a ba ki lambar yabo ba, to ni na ba ki tawa. Mun gode, Malama, Allah ya huta gajiya.

Ku malaman da suka rage, ku fito da yara fili kamar yadda ta yi. In wani ya zo korarku, ku aiko a kira ni. Har yanzu ina tashi ba sanda.