Darar da aka yi wa shinge

Duk ranar kasuwa, idan warin busasshen kashin raƙumi ya bugi hancina, sai in tuna darar kakana.

Ka san dara: ramuka talatin cikin rairayi, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin wasansa. Kakana da guntayen karan gero yake yi. Babu mai tsaya masa a Dakoro sai wani Buzu makiyayi da ke saukowa daga Azagor bayan girbi, shi kuma da kashin raƙumi.

Farkon samun 'yancin kai aka shirya gasa a ƙofar kwamanda mai mulkin yankin, su biyu suka rage. A al'adarmu, wanda aka cinye shi ke shafe ramukan da hannunsa a gaban jama'a. Kakana kuwa ya riga ya rantse, ranar da ya shafe rami ya bar dara har abada. Kakata ta ce ita tana roƙon Allah a cinye shi, ko ya riƙa dawowa gida kafin tuwo ya huce.

Tun hantsi suka zauna, salla kaɗai ke tada su. Bayan la'asar kowa saura 'ya'ya huɗu. Kakana ya gusa, Buzu ya toshe. Buzu ya gusa, kakana ya toshe. Ba ka jin komai sai kukan raƙuma daga bakin rijiya. Kwamanda ya gaji, ya ce a yi ƙuri'a, mai rabo ya ɗauki rawanin da aka ajiye wa wanda ya ci gasar.

"Ranka ya daɗe," in ji kakana, "dara ba ta ƙare ba, rana ce ta ƙare."

Buzu ya gyara amawali, ya ce, "Tsoho, yau dai hannunka ya tsira."

Suka sa aka kewaye ramukan da ƙaya kamar sabon dashe. Shingen ya hana awaki, bai hana damina ba. Da Buzu ya dawo bayan shekara, suka tona sabbin ramuka, kowa ya mayar da 'ya'yansa inda suke, babu gardama ko ta rami ɗaya. Aka sake tashi canjaras. Har kakana ya koma ga Allah bai shafe rami ba.

Yanzu samari cikin waya suke wasa, ita ke riƙe masu komai. Ni ma da furfurata nake koyon rubutu, don ko saƙon kasuwa mantawa nake kafin in isa. Su biyun nan ko sunansu ba su iya rubutawa ba, amma shekara guda suka ɗauki ramuka talatin a ka, kuma kowa ya yarda da abin da ɗan'uwansa ya tuna.