Salatif ɗin Gwaggo

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar ƙunshin ƙanwata a Kankiya ba.

Lokacin ina digirin digirgir. Aikina shi ne in shafa wata roba a kan gilashi, shafi siriri ƙwarai. Robar iri biyu ce a haɗe, da kanta take jeruwa ɗigo-ɗigo, ƙananan da ido ba ya gani. Sai in jiƙa ta da ruwan sinadarin ƙarfe ya shige ɗigon, in ƙone robar, a bar tsatsar ƙarfe jere reras. Haka littafi ya ce. Ni kuwa wata bakwai ina ƙonawa, in duba a na'urar ƙara girman abu in tarar wayam! Malamina ya ce saura wata ɗaya, ko sakamako ko a rufe aikin. Da wannan baƙin cikin na zo biki.

Gwaggona ta Kusada ce mai ƙunshin. Ta yanka salatif ta manna mini zane a ƙafa, ta shafa lalle, ta ɗaure da leda. Ko awa ba a yi ba na fara kwancewa.

Ta make mini hannu. "Ke ɗiyar nan, uban mi kike ma gaggawa? Ki ɓare salatif lalle bai kama ba, mi za ki iske? Farar ƙafa!"

Na yi sororo. "Gwaggo, sake faɗi."

"Au, boko ya toshe miki kunne?"

Wallahi tsalle na daka da leda a ƙafa, na zame na zauna daɓas, mata suka kwashe da dariya. Ashe abin da nake yi ke nan: ina ƙone robar tun sinadarin bai ratsa ta ba.

Da na koma makaranta na bar robar ta jiƙu sosai, ta bushe a tsanake, sannan na ƙone ta. Ɗigo suka fito a layi kamar shukar gero. Sai da na yi ƙwalla don murna.

Na kawo wa Gwaggo hoton ɗigon. Ta juya shi sama da ƙasa, ta taɓe baki ta ce, "Shekara uku kina wannan? Ko fure babu!"

Tun daga ranar na san sauri ya haifi nawa, kuma ban ƙara raina ilimin wanda bai taɓa zama a aji ba.