Mazarin Kakata

Jiya ina kwashe wani tsohon adudu sai mazarin kakata ya faɗo, har yanzu da farin alli a jikinsa.

Lokacin da Turawa suka yanka Tudun Wada, tana cikin waɗanda suka fara kafa bukka. Ita ke nuna wa baƙi fili, ita ke raba rigimar rijiya. Tana kaɗi take sauraron ƙara, in mazarin ya tsaya, magana ta ƙare.

Da aka tashi naɗa mai unguwa, dattawa suka ce ba a ɗaura wa mace rawani. Aka naɗa ƙanenta, da rawanin da ita ta kaɗa zarensa.

Tun daga nan, in magana ta gagare shi a zaure, sai ya ce zai shiga shan ruwa. Ina jinsa yana raɗa mata, "Yaya, me zan ce musu?"

Sau ɗaya na tambaye ta, "Inna, ba kya jin haushi?"

Ta dangwali alli ta murza zare. "Ina ji mana. Wa zan kai wa ƙara?"

Ranar jana'izarta, adalcin ƙanenta mutane suka yi ta yabo.

Allah, Kai ka ga mai aikin. Ka ba ta ladanta da sunanta.