Kawu Sale da Ƙuri'ar Tabarma

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san Kawu Sale, yayan mahaifiyata, da rediyonsa a manne da kunne. A goye aka fito da shi daga Kano, ta Sudan, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba, amma babu zaman majalisar Najeriya da ke wuce shi. In aka kawo dokar ba mata haƙƙi, tun kafin ƙuri'a ya gama yanke hukunci.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai jam'iyyar 'yan majalisar nan ce ta kawo dokar, za su goyi baya."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Bar tambayar jam'iyyar mutum, tambayi garinsu."

Abin haushin, yawanci sai ya canka daidai, mu kuma mu sha gori har mako.

A gida ma bai bar mu ba. Wata rana ya sa ƙuri'a tsakanin tuwo da kabsa, shinkafar Larabawa, yaran da aka haifa a Makka suka taru kaf a bayan kabsa. Ya dube su ya ce, "Ɓangaren Hijaz ya ci amanata. Halas, shi ke nan, na soke zaɓen." Tuwo muka ci.

Da aka rushe gidajenmu a unguwar Nakkasa, ƙungiyar zumuncinmu ce ke raba wa mutane ɗakunan da aka samo. Mata ba su da bakin magana a taron, mahaifiyata kuwa mijinta ya rasu, ba mai tsaya mata. Sai matasa suka kawo shawarar a ba mata ƙuri'a. A al'adar ƙungiyar ba a ɗaga hannu: tabarma biyu ake shimfiɗawa, kowa ya zauna a ta ra'ayinsa. Haifaffun Makka suka cika ɗaya, dattawan da suka zo ta Sudan da Chadi suka cika ɗayar, aka yi kunnen doki. Mu mata muna leƙe daga bakin ƙofa, Kawu ne kaɗai bai zauna ba, kuma shi ne babban dattawan.

Ya tsaya yana gyaran hula kamar ba shi ake jira ba. Can ya ja gwiwarsa mai ciwo, ya wuce abokansa, ya zube a tsakiyar samari.

Amininsa Malam Isa ya ce, "Ya shehi, ka bar mutanenka?"

"Wane mutane? Fanka na biyo, nan ya fi iska."

Har ya rasu bai canza wannan magana ba, Malam Isa kuma ya daɗe ba ya shan shayi da shi. Mahaifiyata ta yi magana a taro na gaba, ta samu ɗaki a unguwar Jarwal. Ni ce mai share wajen taron, na san fankar nan ta lalace tun kafin azumi.

Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya masa makwanci, Ya zaunar da shi a inuwar da ba ta gushewa.