Wanda Ya Riƙe Mini Igiya

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ina cikin shekara ta uku a hannun wani dattijo mai haƙar rijiya a ƙauyenmu, yamma da Bagwai. Baba muke ce masa, ko da yake ba shi ya haife ni ba. Rijiyoyi sun ƙafe ko'ina, mata na yini a bakin rijiya suna jiran guga ɗaya ya taru. Sana'ar da a da ake yi wa kallon aikin wahala sai ga shi ita ke ci. Unguwar da ta kira mai haƙa za ta ciyar da shi, ta kuma ba shi hatsin da zai kai gida.

Baba yana da ƙa'idarsa, ba ya yaye mutum da fatar baki. Idan rijiya ta kusa ruwa, shi ke zaɓar wanda zai sauka ya fasa ƙasar ƙarshe. Wanda ya taɓo ruwa a gaban jama'a, ranar Baba zai miƙa masa diga da igiya nasa na kansa, daga nan kowace unguwa na iya kiransa aiki. Wanda bai taɓo ba kuwa, ko shekara goma ya yi, sunansa ɗan kwashe ƙasa. Ni na jira ranar nan har na ƙosa.

Ana cikin haka wani Bamaguje ya zo. Magidanci ne, ya ɗan girme ni, daga wasu 'yan gidaje na Maguzawa a bayan rafi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce rumbunsa ya ƙare, ga mata, ga yara uku, ga tsohuwa. Ya je wajen maƙera sun ce sana'arsu ta gado ce. Ya je wajen tela, tela ya ce shagonsa ya cika, alhali kowa ya san kujera biyu na nan babu kowa. Baba ya dubi tafin hannunsa kawai ya ce, "Ɗauki kwando."

Mu huɗu, ni da Baba da wasu yaran aikinsa biyu, muke cin tuwo a kwano ɗaya, shi ana zuba masa nasa daban. Ni ne ma na tsaga bakin wata moɗa da wuƙa don a gane tasa. Ya karɓa ya yi godiya.

Kai, mutumin nan ya iya ƙasa! Zai damƙi ƙasa ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya ce saura gaba biyu a wuce marmara, kuma haka za a yi. Bangon da ya sassaƙa miƙe yake sumul. Nawa kuwa Baba kan leƙa ya ce, "Wannan rijiya taka ƙusumbi gare ta, ko a ciki aka haife ta haka?" A yi ta dariya, ni ma in yi, amma raina na tafasa. Cikin wata takwas ya kamo ni ya wuce. Na sani, Baba ya sani.

Sai aka kira mu wata unguwa a hanyar Shanono, mu haƙa rijiya gefen masallaci. Muka yi makonni muna fama. Da muka kai gaba goma sha biyu ƙasa ta fara fitowa da sanyi, tana manne wa kwando. Bayan la'asar Baba ya murza ta a yatsa, ya juya wajen Bamagujen ya ce, "Gobe kai za ka sauka." Mutumin ya sunkuyar da kai don murna. Ya ce bari ya aika gida a gaya wa tsohuwarsa.

Ni fa? Shekara uku ina cin ƙura, wani ya zo jiya jiya ya sha gabana? Ban tsaya wanke ƙafa ba na nufi gindin ɗorawa inda mai unguwa ke zaune da liman da wasu dattawa. Na durƙusa kamar mutumin kirki, na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ba na so a ce na sani na ɓoye. Wanda zai taɓo muku ruwa gobe ba ya salla. Kun kuma san abin da suke sha a gidajensu. Ruwan alwala ne fa."

Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa ganinsa da giya ba, ban taɓa jin warinta a bakinsa ba. Liman ma ya ce, "Haba, ɗan nan, hannun mutum ba ya ɓata ruwan rijiya. Wa ya koya maka wannan?" Amma magana zarar bunu ce. Dattawan sun riga sun kama, kafin magariba ta gama zaga unguwa.

Da safe muka tarar mutane sun kewaye bakin rijiyar. Mai unguwa ya ce ko dai wani ya sauka, ko mu kwashe kayanmu. Baba ya fusata, ya ce, "Rabin ramin nan hannunsa ne ya haƙa shi. Jiya da shekaranjiya ba ku ga yana ciki ba? Sai yau?" Ba wanda ya saurare shi. Ya ce, "Wa ya kawo maganar nan?" Ya juyo ya kafe ni da ido, ni kuwa na shiga ƙirga yatsun ƙafata.

Bamagujen ne ya raba gardama. Ya ce, "Baba, bari. Kada unguwa ta rasa ruwa saboda ni. Kawo igiyar."

Ni aka ce in sauka, shi kuma ya ɗaura mini igiyar a ƙugu. Ya ja ƙullin sau biyu ya gwada, kamar yadda yake yi kullum. Da ya ɗago muka haɗa ido, nan na gane ya san ni ne. Tsoro ya kama ni, don gaba goma sha biyu ba wasa ba ce, sakin hannu ɗaya ya isa. Amma a hankali ya zura ni, ko gwiwata ba ta taɓa bango ba.

A ƙasa na rikice. Na yi ta sara ta yamma, gumi na zuba, ba komai sai yumɓu. Sama ana ta surutu, wasu sun fara cewa yaron bai iya ba. Sai na ji muryarsa ta gangaro, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji: "Koma gabas. Ƙarƙashin farin dutsen nan, na bar maka alama jiya." Ashe alamar da ya yi wa kansa ce. Sara uku na yi ruwa ya tsattsafo, ya rufe mini idon sawu.

Aka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Ya jawo ni sama, aka rungume ni ana sa mini albarka. Baba ya miƙo mini diga da igiya bai dube ni ba. Bamagujen ya naɗe igiyar aiki tsaf ya ajiye a gaban Baba, ya durƙusa ya yi masa sallama. Baba ya ce ya dakata, akwai wata rijiya gaba. Ya ce, "Baba, ita ma masu salla ne za su sha." Ya kama hanya.

Daga baya na ji ya tafi birni dako, ya kwashe iyalinsa. Na sha ɗaura niyyar in neme shi in roƙi gafara, kunya ta hana ni, har ƙafa ta daina kai ni birni. Tir da ni, ba ni da wani uzuri, hassada ce tsagwaronta na lulluɓe da rigar addini.

Na yi shekara arba'in ina haƙa rijiya, na yaye mutane da dama. Kullum ina cewa a raina duk ranar da wani daga gidajen bayan rafi ya zo neman koyo, da hannu biyu zan karɓe shi, mu ci a kwano ɗaya. Amma labarin abin da na yi ya riga ya isa can tun ranar. Har na ajiye diga, ko mutum ɗaya bai zo ba.